Noti Goma, Wata Bakwai

Ranar da na fara leƙa garejin maƙwabcina a birnin Coventry na ƙasar Ingila, sai na tsaya a bakin ƙofa ina saƙe-saƙe: ko dai mutumin nan tsohon likitan tiyata ne, ko kuwa notin kansa ya ɗan kwance. Injin mota ne a wargaje, amma ba irin wargajewar da na sani ba. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an jera fistin huɗu kamar kofunan jeren amarya, kowanne da lambarsa. Notuna da woshoshi suna cikin kwalayen ƙwai, kowane rami da 'yar takarda mai faɗin inda aka ciro su. Daɓen ɗakin an shafe shi da fenti ruwan toka, ko ɗigon baƙin mai babu. Rediyo na magana ƙasa-ƙasa, na'urar ɗumama ɗaki na huci a lungu, shi kuwa gogan naka, dattijo mai shekara 70 da 'yan kai, yana zaune ya duƙufa yana wanke noti ɗaya tal da buroshin goge baki.

Mamakina yana da dalili. Ni ɗan Kurfi ne, amma rabin ƙuruciyata a Dutsin-Ma na yi ta, a garejin kawuna, ƙanen mahaifiyata, garejin da ba shi da rufi sai inuwar bedi guda biyu. Duk hutun makaranta aikina ɗaya ne: a yanke galan, a zuba fetur, a juye mini notunan inji gaba ɗaya a ciki, in wanke in zube a kan buhu. Wane noti ne na ina, wannan yana cikin kan Kawu. In an gama haɗawa aka ga biyu sun yi saura, yaran gareji su ce na sadaka ne. Injin da aka sauke da hantsi, gobe war haka yana kan hanyar Katsina ko ta Ƙanƙara, domin mai motar yana nan zaune a kan benci, ya zuba tagumi, lodin kasuwa na jiransa. Da wannan idon na shiga garejin Bature.

Karatu ya kai ni Coventry, amma ba a zama a garin a kauce wa zancen mota. A nan kamfanin Daimler ya kafa masana'antarsa a 1896, kuma a nan Standard da Triumph da Jaguar da Humber da Hillman da Riley suka yi zamaninsu. Yau akasarin filayen masana'antun sun koma gidajen kwana da manyan kantuna. A gidan adana motoci da ke tsakiyar gari na ga ThrustSSC, wata baƙar aba mai injin jirgin sama guda biyu, wadda Andy Green ya tuƙa a hamadar Nevada ta Amurka a watan Oktoba na 1997, ta yi gudun kilomita 1,228 a awa, ta riga sautin kanta isa. Na yi lissafi a tsaye: daga Katsina zuwa Dutsin-Ma ba za ta cika minti huɗu ba, Kurfi kuwa sai dai a ba ka labarin ka wuce ta. Wannan ta ba ni mamakin yini guda. Abin da ya riƙe ni wata bakwai yana bayan katangar gidan da nake haya.

Mun saba da maƙwabcin nan ne ta hanyar ɗaukar kaya. Ya gan ni ina fitar da shara, ya roƙe ni in kama masa gangar injin mu ɗora a kan mariƙi. Da muka gama ya faɗa mini sunansa na yanka, ya ce da shi zan riƙa kiransa. Bakina ya ƙi. Mutumin da ya girmi mahaifina? Sai na ce masa a garinmu Baba muke cewa, ya tambayi ma'anarsa, ya yi murmushi, sunan ya bi shi har matarsa ta ɗauka. Ita ce ke kawo mana shayi da biskit ƙarfe huɗu, ta tsaya a bakin ƙofa ta harari motar, ta ce mini wannan ita ce kishiyarta, kuma ta fi ta cin kuɗi.

Kishiyar Triumph TR4 ce, irin wadda aka ƙera tsakanin 1961 da 1965, koriya shar, kujera biyu, rufinta tamfol ne da ake naɗewa. Wani Ba'italiye, Giovanni Michelotti, ya zana jikinta. In ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan tabarma kake ana jan ka. Irin waɗannan motocin na ƙwalisa da gudu ne, ba na lodi ba. Amma da Baba ya ba ni asalin injinta sai dariya ta kama ni: silinda huɗu ne, cc 2,138, kuma ɗan ɗaki ɗaya ne da injin fetur na ƙaramar taraktar nan Ferguson TE20, wadda kamfanin Standard ya ƙera fiye da rabin miliyan a masana'antar Banner Lane ta Coventry daga 1946 zuwa 1956. Wato motar da samarin Ingila ke yi wa 'yan mata burga da ita, ƙanwar tantan ce.

Da ya juya gangar na leƙa ciki, sai na ga tsohon sani. Silindojin ba a jikin ganga aka huda su ba, bututu ne huɗu da ake zurawa a zare, ruwan lagireto na kewaya su, abin da makanikanmu ke kira silif. Haka injin Peugeot 404 da 504 yake, kuma duk wanda ya yi zaman gareji a Arewa bayan buɗe kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna a 1975 ya ɗauki silif a kafaɗa. Na ce masa ai wannan na san shi tun ina ɗan shekara 12. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce to a can da me kuke auna tsayin da silif zai ɗara fuskar ganga? Domin dole ya ɗan ɗago, a wannan injin kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na inci, kaurin gashin kai ke nan. In ya gaza haka gasket ba zai danne ba, ruwa ya haɗu da baƙin mai, ka zaro ma'auni ka ga abu kamar kunu. Na ce da farce. Kawu yana goga farcen babban yatsa a gaɓar, in ya ji ya ɗan tuntuɓe daidai yadda ya sani, shi ke nan. Baba ya fashe da dariya, can kuma ya yi shiru, ya goga nasa farcen a wurin, ya ce ba dabara ce ta banza ba. Duk da haka shi maraice uku ya kwashe a kai, da miƙaƙƙen ƙarfe da wasu siraran faifai masu lamba, yana aunawa yana rubutawa a littafi.

Kunyar da na sha a garejin a kan noti ɗaya na sha ta. Mu duka noti muke ce musu, namijin da tamacen. Wata Asabar ya ce in ɗaura wani ɗan mariƙi a gefen ganga, na duba gwangwanin tsofaffin notuna na zaɓo namiji wanda ido ya ce shi ne. Ya shiga zagaye biyu lafiya, a na uku ya cije. Hannuna da kansa ya kai ga sifana, don a gida in noti ya yi gardama ƙarfi ake gwada masa. Ban taɓa jin muryar Baba ta ɗaga ba sai ranar. Ya karɓe sifanar, ya warware notin da yatsu, ya ɗauko wani abu kamar tarin ƙananan matazai ya riƙa kara haƙoransu a jikin zaren notin, wato tiredi. Kaurin ɗaya ne da na ramin, 5/16 na inci, amma wanda na ɗauko zare 22 gare shi a kowane inci, ramin kuwa 24. Da na matsa, da na cinye zaren gangar da ta shekara fiye da 50 ba a cuce ta ba.

A ranar na ji tarihin da ban taɓa tunanin noti yana da shi ba. A da kowace maƙera a Ingila tana yanka zarenta yadda ta ga dama, notin wannan ba ya shiga na waccan, har sai da Joseph Whitworth na Manchester ya tattaro samfura daga maƙeru daban-daban, ya fitar da ma'auni guda a 1841, mai kusurwar digiri 55. Amurkawa suka bi na William Sellers na 1864 mai digiri 60. A Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zame musu ƙarfen ƙafa, kayan gyaran abokin yaƙi ba sa hawa injin abokinsa, shi ya sa a 1949 Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da zare na bai-ɗaya. Ga kuma na milimita da Faransa da Jamus da Japan ke bi, wanda shi ya mamaye duniya yanzu. Tsohuwar motar Ingila guda ɗaya tana iya ɗauke da iri biyu ko uku, na inji daban, na kafireta da kayan wuta daban. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na tsofaffin MG: Morris ya sayi masana'antar injin Faransawa ta Hotchkiss a nan Coventry a 1923, sai aka ci gaba da yanka zaren milimita, amma aka yi kan notin daidai bakin sifanar Ingila. Jiki Bafaranshe, hula ta Ingilishi. Nan na tuna wata tsohuwar jakar sifanu da Kawu ke ɓoyewa a ƙasan akwati, waɗanda ba sa kama komai a jikin Golf ko Toyota. Yakan ce na zamanin Bedford da Land Rover ne, ba na sayarwa ba ne.

Sai kuma kwalbar maganin kulle noti. 'Yar ƙarama ce, ja, ta roba, ba ta fi babban yatsa biyu ba. Da Baba ya miƙo mini na girgiza na ji rabinta wayam, na ce Baba an cuce ka, sabuwa ce amma an sha rabi. Ya ce ba a cuce shi ba, wannan iskar ita ke tsaron abin da ke ciki. Ruwan nan akasin duk wani gam ne da na sani. Gam ɗinmu iska ke busar da shi, shi ya sa ake toshe bakinsa. Wannan kuwa muddin yana shan iska ruwa ne, sai an matse shi tsakanin zaren namiji da na tamace, iska ta yanke, ya taɓa ƙarfe, sannan ya daskare ya zama roba mai tauri. In aka cika kwalbar fal, ko aka zuba shi a gwangwanin ƙarfe aka rufe, a ciki zai mutu. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan tebur, ɗaya a kan noti ya ɗaura. Washegari na tebur yana nan da danshinsa, notin kuwa yatsu sun kasa motsa shi. Gani ya kori ji.

Wani malamin kimiyyar sinadarai ne, Vernon Krieble, na kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, ya haɗa shi a 1953 tare da ɗansa Robert, suka fitar da shi kasuwa a 1956 da sunan Loctite. Tun 1997 kamfanin Henkel na Jamus ke da shi, kuma yanzu wasu kamfanonin ma suna yin irinsa. Launin ruwan ne ke faɗa maka ƙarfinsa. Shuɗi shi ne na yau da kullum, yana riƙewa amma sifana na kwance shi. Ja na zaman dindindin ne, ba ya saki sai an gasa wurin ya kai wajen digiri 250. Akwai ruwan malmo na ƙananan sukurori, da kore mai tsinkewa kamar kananzir wanda ke bin zare ya shige ko bayan an riga an ɗaure. Baba ya ce rabin kukan da ake yi da maganin nan daga masu sa ja ne a inda shuɗi ya kamata, ranar kwancewa kan noti ya guntule a hannunsu.

Abin da ya dage in fahimta shi ne aiki biyu ne mabambanta, kullewa da toshewa. Komai matsin noti, tsakanin zare da zare akwai wata siririyar hanya mai murɗewa daga ƙasa har sama, kamar matakalar hasumiya. Baƙin mai in ya yi zafi, famfo na tura shi, zai bi ta nan sannu a hankali har ya fito, haka ma ruwan lagireto in ramin notin ya ɓulla cikin hanyar ruwa. To irin waɗannan wuraren, kamar matosan hanyar mai da mazaunin na'urar auna ƙarfin mai, ba maganin kullewa suke so ba, na toshewa suke so, wani farin maƙo mai kauri da ke cike hanyar. Na tambaye shi farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo fa, wanda ake yi da sinadarin da Roy Plunkett ya gano a 1938? Ya girgiza kai. A bututun ruwan gida ba laifi, amma a inji ɗan guntunsa na iya tsinkewa ya bi mai ya toshe ƙaramar hanya, mital ya rasa mai, inji ya yi nokin. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gasket har ya tsatso ta ciki, shi ma laifinsa ke nan. Shi shuɗin Hylomar yake shafawa siriri kamar man leɓe, wanda asalinsa don injin jiragen Rolls-Royce aka yi shi, ba ya bushewa ƙayau.

Ina sauraronsa ina jero namu a zuci. Zaren buhu da ake naɗawa a tiredi a shafa fenti. Yankin leda. Sabulu a bakin tankin da ke yoyo. Noti biyu a kan juna. A dafa kan noti da kurfi a buga guduma don zaren ya lotse. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kira mai walda ya ɗana masa ɗigo, wanda zai kwance nan gaba Allah ya ba shi haƙuri. Ba na raina ko ɗaya, sun kai dubban mutane gida. Amma na tuna safiyar da fulawil ɗin wata J5 ya saki a kan hanyar Kurfi kwana tara bayan an haɗa injin, da fasinja da awaki a ciki, Kawu ya biya aikin daga aljihunsa, sati guda ba ya cin abincin kirki. An sa woshar sifirin a duk notunan. Baba ya ce tun 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna da na'urar gwaji cewa girgizar da ke tura noti gefe da gefe ita ke kwance shi, kuma gwaje-gwaje a kan irin na'urarsa sun nuna woshar sifirin ba ta hana hakan yadda ake zato. Ɗigo shida na shuɗin ruwan nan da wataƙila sun ishi J5 ɗin.

Ranar ɗora kan inji Baba ya yi mata shiri kamar ranar suna. Noti goma ne. Ya fito da wata doguwar sifana daga akwatinta, ya murɗa gindinta har ta nuna lamba, ya ce in ja sannu, kada in fizga. Ina ja ina ja sai na ji ƙas a tafin hannuna, ya ce tsaya nan. Littafi ya ce 100 zuwa 105 a ma'aunin Ingila, wato kamar ka rataya abin da ya kusa buhun siminti a ƙarshen sifana mai tsawon ƙafa guda. Ba a kai wa lambar a tashi ɗaya, zagaye uku muka yi, kowane zagaye daga tsakiya ake farawa a yi waje, dama da hagu, kamar mai ɗaure gangar kiɗa. Ya bayyana mini cewa noti namiji sifirin ne, in ka ɗaure shi miƙewa yake ɗan yi, wannan miƙewar ita ke riƙe kan inji. Kuma cikin ƙarfin da kake sawa kusan kashi 90 cikin 100 a gogayya yake ƙarewa, ƙarƙashin kan noti da cikin zare, kashi 10 kacal ke zama riƙo. Don haka busasshen zare mai tsatsa da wanda aka shafa wa mai, ko da sifana ta yi ƙas a lamba ɗaya, riƙonsu ba ɗaya ba ne. Ashe buroshin goge bakin nan ba tabin hankali ba ne.

Duk wannan a rubuce yake, kuma wannan ma abin kallo ne. A can kusan kowane gareji na cikin gida yana da littafin Haynes mai tabon baƙin mai a shafuka. John Haynes hafsan sojan saman Birtaniya ne, yana Aden a 1965 ya taya abokinsa sake haɗa wata ƙaramar Austin-Healey Sprite, yana kwancewa yana ɗaukar hoto, a 1966 littafin ya fito, ya zama sana'ar rayuwarsa. Da irin littafin nan akawu ko malamin makaranta zai sauke inji a bayan gidansa ya mayar. Kayan gyara kuwa, a watan Satumba Baba ya ɗauke ni zuwa Beaulieu a kudancin ƙasar, sunan da ake rubutawa da tsawo a furta shi Byuli, inda tun 1967 ake cin kasuwar tsofaffin kayan mota. Ƙofar Ruwa ce ta Kano ko Fantekar Kaduna aka shimfiɗa a kan ciyawa: rumfuna ba iyaka, tsatsa, ciniki, har da rantse-rantsen 'yan kasuwa. Bambancin kawai masu tonon tsibin ƙarafan nan tsofaffi ne masu fansho, wani ya yi tafiyar awa biyar don fitila ɗaya, ya same ta yana murna kamar an yi masa haihuwa.

A watan Afrilu injin ya tashi. Ya yi tari sau biyu, ya kama, ya cika unguwar da ƙara, matar Baba ta fito da tawul a hannu tana dariya. Mun shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, da safe babu ɗigo ko ɗaya. To amma a nan ni kuma wani abu ya tokare mini ƙirji. Motar nan sai ranar Lahadi take fita, in ba a ruwa, ta je wani ƙauye a sha shayi a dawo. Da yake ta haura shekara 40, dokar ƙasar ta yafe mata harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara. Wata bakwai na aikin ƙwararre a kan abin da ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya, alhali motocin da ke ɗauke da rayuka 10 zuwa 15 a hanyoyinmu a yini biyu ake haɗa su, da notunan da suka ga inji uku. Na faɗa wa Baba haka. Bai musa ba. Ya ce shi yana da lokaci ne don ba ya cin abinci da motar, kuma da za a ba shi kwana biyu da inuwar bishiya, da bai kai kawuna ba.

Da zan dawo ya ba ni tsohuwar sifanarsa mai awo, ni kuma na sayi kwalba biyu, shuɗi da na toshewa. Na kai wa Kawu da yamma bayan la'asar, yaran gareji suka kewaye mu. Ya juya sifanar ya ce, “To, ɗan boko, wannan kuma mece ce, allura?” Muka yi gwaji a kan wani injin Golf da ke ƙasa: ya ɗaure da hannu yadda ya saba, ni in bi da awo. A manyan notuna hannunsa ya ɗan gaza lambar littafi, a ƙananan kuwa, masu kan 10, ya zarce ta da nisa. Ya yi shiru, ya ce shi ya sa ƙananan ke yawan guntulewa a gangar alminiyam. Sannan ya ɗebo notuna daga galan ya zuba mini a hannu. Na san lambar da ke kansu, 8.8 ko 10.9, tana faɗin ƙarfin ƙarfen ne, na fari na jure nauyin kilo 80 a kan kowace milimita murabba'i kafin ya tsinke. Kawu ya ce, “Ɗan nan, lambar littafinka ta notin gaskiya ce. Wannan an rubuta 10.9, amma in ka ja shi kamar alewa yake. Wancan na asali ne, amma ya gaji, inji uku ya gani. Wanne zan ba ƙas ɗinka?” Ba ni da amsa. Da na ce maganin kuma yana son a wanke zare tas, a bar shi awa 24 kafin ya gama kamawa, sai duk garejin aka kwashe da dariya, har da direban da ke kan benci, wanda ya ce shi ko awa biyu aka ƙara masa sai an biya shi kuɗin lodi.

Duk da haka kayan ba su kwanta ba. Sifanar tana rataye a cikin shago, ana fito da ita ranar ɗora kan inji da ranar ɗaure mital, kuma gareji biyu na kusa suna aikowa aro. Kwalbar shuɗin a kan fulawil ta fara aiki, amma masu noman rani na bakin madatsar Zobe su suka ƙarar da ita. Injin ban-ruwa yini yake yana rawa a kan ƙasa, notunan mazauninsa da na salansa kullum a kwance, kuma manomi, ba kamar direba ba, yana iya barin injinsa ya kwana a gareji. Yanzu Kawu kan yi saƙonta daga Kano, ya girgiza ya ji rabi wayam, sannan ya yarda ba jabu ba ce.

Roƙona biyu ne. Shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a Dutsin-Ma da Kurfi su duba yiwuwar sayen sifana mai awo ko da guda biyu ce a kowane reshe, a riƙa aro da rajista, kuɗinta bai kai na injin da ya yi nokin sau ɗaya ba. Kai kuma mai mota, ranar da ka kai injinka a sauke, sayi sababbin notunan kan inji da na fulawil daga inda ka amince, ka miƙa wa makaniki, ka tashi daga kan bencin nan ka tafi gida. Ka dawo jibi.